Ja da Bayan Farashi a Kasuwar Hannun Jari: Abin da Ya Kamata Mai Jari Ya Sani

GABATARWA

A unguwar GRA ta birnin Gombe, kamar dai sauran unguwannin ma'aikata a manyan garuruwan ƙasar nan, akwai gidaje da yawa waɗanda ke da rabo a kasuwar hannun jari. Wasu dattawa sun sayi nasu tun zamanin dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977. Wasu sun shiga ne a 2004 da 2005, sa'ad da bankuna suka fito neman jari daga jama'a. Akwai kuma waɗanda suka sa kuɗinsu a kamfanin siminti na Ashaka, domin kamfani ne na gida, suna ganin motocinsa da idonsu. Yau kuwa matasa ne ke saye da sayarwa ta wayar hannu, ba tare da sun taka ofishin dillali ba.

Dukan waɗannan mutane tambaya ɗaya ke damunsu a ranar da farashi ya sauko: shin a sayar, ko a riƙe, ko kuwa a ƙara saye? Amsar ta dogara ga irin saukar. Akwai sauka ta ɗan lokaci, inda farashi ya kan ja da baya sa'an nan ya ci gaba da hawa. Akwai kuma wadda ita ce mafarin doguwar faɗuwa. A kwanakin farko su biyun kamarsu ɗaya. Manufar wannan ɗan littafi ita ce bayyana bambancinsu, da alamomin da masana ke dubawa, da kuma iyakar abin da alamomin nan za su iya nunawa, domin kada kuɗin sallama da na fansho da na makarantar yara su salwanta a kan zato.

1. KASUWAR DA MA'AUNINTA

Hannun jari wani yanki ne na mallakar kamfani. Wanda ya saye shi ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, yana da rabo a ribar da aka raba, yana kuma iya sayar da shi ga wani ta hannun dillali. An kafa kasuwar wannan ciniki a Legas a 1960, ta fara aiki a 1961. A 1977 aka mayar da sunanta Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya, aka buɗe mata reshe a Kaduna a 1978, da wani a Kano a 1989. A 2021 aka sake mata tsari, yanzu an fi saninta da sunan NGX. Hukumar gwamnatin tarayya mai sa ido a kan kasuwar da dillalanta ita ce wadda a ke kira SEC, an kuwa kafa ta a 1979.

Domin a san inda kasuwa baki ɗaya ta dosa, an yi mata ma'auni guda wanda ya haɗa farashin dukan kamfanonin da ke cikinta. An fara lissafa shi a Janairun 1984 da maki 100. In ma'aunin ya hau, galibin dukiyar da ke kasuwa ta ƙaru ke nan. In ya sauko, ta ragu. Shi ne lambar da a kan ji a labaran rediyo da talabijin bayan an tashi daga ciniki, kuma da shi za a yi misalai a nan gaba.

2. MENE NE JA DA BAYA?

Farashi ba ya tafiya a miƙe kamar igiya. Ko a shekarar da kasuwa ke hawa, a kan sami makonnin da ta sauko; ko a shekarar faɗuwa, a kan sami makonnin da ta ɗago. Wannan ɗan komawa da farashi ya kan yi, saɓanin babbar alƙiblarsa, kafin ya sake kama hanyarsa ta farko, shi a ke kira ja da baya. Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Amma idan komawar ta zarce, hawa ya ƙare faɗuwa ta kama, ko faɗuwa ta ƙare hawa ya kama, to wannan juyin alƙibla ne.

Ɗan kasuwar hatsi a Tudun Hatsi ya san wannan tun kafin ya ji sunan hannun jari. A 2023 da 2024 kuɗin masara da wake da dawa sun yi ta hawa, duk da haka da kaka ta yi sai su ɗan sauko, domin sabon amfani ya cika kasuwa, sa'an nan su sake tashi da bazara. Saukar kaka ja da baya ce. Amma bayan gwamnatin tarayya ta ba da damar shigo da wasu kayan abinci ba tare da haraji ba a tsakiyar 2024, kuma amfanin gona ya samu, sai abin ya sake. Mutane da yawa sun sayi hatsi da kakar 2024 sun ajiye suna jiran tashin bazara yadda aka saba, sai a 2025 farashi ya ƙi tashi, ya ma ƙara sauka, suka sayar da hasara. Sun ɗauki juyin alƙibla a matsayin ja da baya.

Bambancin kawai shi ne, hatsi yana da kaka da bazara waɗanda kowa ya san lokacinsu. Hannun jari ba shi da kaka. Saboda haka ne a ke bukatar wasu alamomi dabam.

3. ME KE KAWO JA DA BAYA?

Na farko shi ne kwasar riba. In farashi ya daɗe yana hawa, waɗanda suka saya da arha su kan fito su sayar domin su riƙe ribarsu a hannu. Masu sayarwa sun yi yawa na 'yan kwanaki, farashi ya sauko, alhali babu abin da ya sami kamfanin.

Na biyu shi ne bukatar kuɗi. Gab da Salla, ko lokacin biyan kuɗin makaranta, ko ƙarshen shekara sa'ad da manyan masu juya kuɗin jama'a ke daidaita littattafansu, a kan sayar da hannun jari domin lalura kurum.

Na uku shi ne kuɗin ruwa. In Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga kuɗin ruwa, takardun bashin gwamnati su kan fi ba da riba ba tare da kasada mai yawa ba, sai wasu su kwashe kuɗinsu daga hannun jari su kai can.

Na huɗu shi ne jita-jita da labarai masu tayar da hankali waɗanda ba su taɓa ainihin cinikin kamfani ba.

Akwai kuma wata sauka wadda lissafi ce kawai. Bayan an rufe rajistar waɗanda za a biya rabon riba, kasuwa ta kan cire adadin ribar daga farashi. In hannun jari yana naira 30, aka raba naira 2 a kan kowane ɗaya, zai wayi gari a naira 28. Mai jarin bai rasa kome ba, domin nairori biyun suna hanyar zuwa asusunsa na banki. Haka kuma in kamfani ya ba da ƙarin hannun jari kyauta, a kan rage farashi daidai gwargwado.

4. KARATUN ZANEN FARASHI

Hanyoyi biyu a ke bi wajen nazarin hannun jari. Ɗaya ita ce binciken lafiyar kamfani: cinikinsa, da ribarsa, da bashin da ke kansa, da shugabancinsa. Ɗayar kuwa ita ce karatun zanen farashi, watau a jera farashin kowace rana a kan takarda ko allon kwamfuta, a bi sawunsa kamar yadda maharbi ya ke bin sawun dabba, a yi kirdadon inda ya nufa.

Wannan sana'a tsohuwa ce. 'Yan kasuwar shinkafa na birnin Osaka a Japan sun kasance suna rubuta farashi suna nazarinsa tun ƙarni na 18. A Amurka kuwa Charles Dow, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jaridar Wall Street Journal a 1889, shi ne ya aza harsashin abin da a ke koyarwa har yau. Shi da waɗanda suka bi bayansa sun kasa motsin kasuwa kashi uku. Akwai babbar alƙibla, wadda ta kan yi shekara ko fiye. Akwai ja da baya, wanda ya kan ɗauki mako uku zuwa wata uku, ya kuma cinye sulusi zuwa sulusi biyu na tafiyar da aka riga aka yi. Sai ƙananan motsi na yau da gobe, waɗanda suka ce kada mutum ya ɓata lokacinsa a kansu.

5. ALAMOMIN DA A KE DUBAWA

Alama ta farko: tudu da kwari. A zanen farashi, inda hawa ya tsaya shi ne tudu, inda sauka ta tsaya shi ne kwari. Muddin kowane sabon tudu ya fi na baya tsawo, kowane sabon kwari kuma bai kai na baya zurfi ba, to hawa yana nan. Kwarin baya ya zama madogara, domin nan ne masu saye suka fito a wancan karo. Ranar da farashi ya ratsa ƙasa da madogarar nan, ya ɗago amma ya kāsa kai tudun baya, to an sami dalilin tsoron juyin alƙibla.

Alama ta biyu: zurfin saukar. A ɗauka hannun jarin wani kamfani ya tashi daga naira 20 zuwa naira 32, watau hawan naira 12. In ya sauko naira 28, ya mayar da sulusin hawan. In ya kai naira 26, rabi ke nan. In ya kai naira 24, sulusi biyu. Har zuwa nan masu karatun zane suna iya kiransa ja da baya. In ya wuce nan ya doshi naira 20, hawan ya rushe. Manhajojin ciniki na waya su kan ja layuka a kashi 38.2 da kashi 50 da kashi 61.8 cikin ɗari, su kira su layukan Fibonacci. Ma'anarsu ba ta da nisa da sulusi da rabi da sulusi biyu, kuma babu wata doka da ta tilasta wa farashi ya tsaya a kansu.

Alama ta uku: tsawon lokaci. Saukar kwanaki ko makonni daban ta ke da wadda ta shiga wata na huɗu da na biyar ba tare da sabon tudu ba.

Alama ta huɗu: yawan ciniki. A ja da baya na gaskiya, yawan hannun jarin da a ke sayarwa ya kan ragu sa'ad da farashi ke sauka, ya ƙaru sa'ad da ya koma hawa. Wannan ya nuna manyan masu jari suna riƙe da nasu. In kuwa ranakun sauka ne ciniki ya ke cika, ranakun hawa kuma kasuwa ta yi tsit, to masu nauyi suna fita ne.

Alama ta biyar: matsakaicin farashi. A kan tara farashin kwanakin ciniki 50 da suka wuce a raba da 50, a yi haka kowace rana, sai a sami layi mai santsi wanda ya ɓoye hayaniyar kullum. A kan yi irinsa na kwana 200. Farashin da ya sauko ya taɓa layin kwana 50 ya koma sama, ana ɗaukarsa mai lafiya. Wanda ya faɗa ƙarƙashin layin kwana 200 ya zauna can, ana yi masa kallon mai juyawa.

Akwai kuma ma'aunin da a ke kira RSI, wanda J. Welles Wilder ya fito da shi a 1978. Yana tafiya daga 0 zuwa 100. In ya wuce 70 a kan ce an yi saye fiye da kima, in ya sauka ƙasa da 30 a kan ce an yi sayarwa fiye da kima. Abin lura shi ne, a lokacin doguwar faɗuwa ya kan daɗe a ƙasa, farashi kuwa yana ta ƙara sauka.

Babu ɗaya daga cikin alamomin nan da ta isa hujja ita kaɗai. Sai biyu ko uku sun haɗu a kan magana ɗaya a ke ba su nauyi.

6. DARASIN 2008

A 2004 Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25. Bankuna 89 suka haɗe suka koma 25, suka tara kuɗi masu yawa daga jama'a. Kasuwa ta kama hawa. A shekarun da suka biyo baya, kusan duk wanda ya saya bayan an ɗan sauko ya ci riba, har abin ya zama kamar ƙa'ida. Bankuna suka shiga ba da bashi domin a sayi hannun jari, a kuma jinginar da shi hannun jarin. A ƙarshen 2007 ma'aunin kasuwa yana kan maki 57,990. Ran 5 ga Maris 2008 ya kai 66,371.

Daga nan ya fara sauka. Jama'a da yawa suka ce ja da baya ne irin wanda aka saba, musamman da ya ke kuɗin gangar man fetur yana ta hawa har ya kai dala 147 a watan Yuli. Amma ma'aunin ya rufe watan Yuni a wajen 56,000, ya rufe Satumba a wajen 46,000. Wata uku sun wuce, wata shida sun wuce, babu sabon tudu. A watan Agusta hukumomin kasuwa suka hana farashi sauka fiye da kashi 1 cikin ɗari a rana. Dokar ba ta samar da masu saye ba, sai masu son sayarwa suka yi cirko-cirko, aka ɗage ta a watan Oktoba. A tsakanin nan rikicin kuɗi na duniya ya ɓarke a Amurka, baƙi masu jari suka janye kuɗinsu, man fetur ya faɗo ƙasa da dala 40. Shekara ta ƙare ma'auni yana 31,450. A Maris 2009 ya sauka ƙasa da 20,000, watau faɗuwar kimanin kashi 70 cikin ɗari a shekara guda.

Sai kuma darasi na biyu ya biyo baya. Daga wannan kwari ma'aunin ya yunƙura, ya haura 29,000 a ƙarshen Mayun 2009. Wasu suka ce an farfaɗo, suka sake zuba abin da ya rage musu. A watan Agusta Gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba naira biliyan 420 domin ceto su, kuma bashin sayen hannun jari yana cikin abin da ya raunana bankunan. Shekarar ta ƙare a maki 20,827, ta 2011 kuma a 20,730. Hawan Mayu ashe ja da baya ne a cikin faɗuwa. Irin wannan ya taɓa faruwa a New York: bayan faɗuwar 1929 ma'aunin Dow ya ɗago daga 198 zuwa 294 a Afrilun 1930, sa'an nan ya gangara har 41 a Yulin 1932.

Ma'aunin kasuwar Nijeriya bai sake wuce tudun Maris 2008 ba sai a Agustan 2023, bayan shekara 15. Ko a nan ma lissafin naira ne kurum. A farkon 2008 dala ɗaya tana wajen naira 118, a Agustan 2023 kuwa ta wuce naira 700.

7. MISALIN 2024

Domin kada a zaci kowace sauka masifa ce, ga misali na ɗaya ɓangaren. Ma'aunin ya rufe 2023 a maki 74,773, ya haura 105,000 a Fabrairun 2024. A wannan wata ne Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa kashi 22.75 cikin ɗari, ya kuma ci gaba da ɗagawa a cikin shekarar. Kuɗi suka karkata zuwa takardun bashin gwamnati, masu riba suka kwashi ribarsu, ma'aunin ya sauko ƙasa da 97,000 a watan Agusta. Wannan sauka ta cinye kimanin sulusin hawan farkon shekara, ba ta ko kusanci inda aka faro ba. Shekara ta ƙare a 102,926, a 2025 kuma ma'aunin ya wuce 140,000. Wanda ya firgita ya sayar a Agusta ya yi asarar hawan da ya biyo baya.

Amma ya kamata a lura cewa saukar ta ɗauki kusan wata shida, ta zarce wata ukun da littattafai ke faɗa. Wanda ya riƙe alamar lokaci ita kaɗai da ya ce alƙibla ta juya, da kuwa ya yi kuskure. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa: sunan ja da baya ba ya tabbata sai bayan farashi ya wuce tudunsa na baya.

8. ABIN DA ZANE BA YA NUNAWA

Zane tarihin farashi ne, bai san gobe ba. Masana tattalin arziki da dama, cikinsu har da Eugene Fama na Jami'ar Chicago, wanda ya sami lambar Nobel a 2013, suna ganin farashin jiya ba ya taimakawa ƙwarai wajen sanin na gobe, musamman in aka cire kuɗin dillali da sauran cajin da ke kan kowane saye da sayarwa. Masu karatun zane ba su yarda da wannan ba, amma ko su sun amince cewa alamomi su kan yi ƙarya.

Zane ya fi yin ƙarya a kan kamfanin da ba a cika cinikin hannun jarinsa ba. Kamfanin siminti na Ashaka, wanda aka kafa a 1974 ya kuma fara aiki a 1979 a ƙasar Funakaye, ya daɗe a kasuwar. Bayan kamfanin Lafarge Africa ya mallaki mafi yawansa, abin da ya rage a hannun jama'a ya yi ƙaranci, a 2017 kuma aka cire shi daga jerin kamfanonin kasuwa, aka ba ƙananan masu jari damar musanya nasu da na Lafarge Africa. Babu layin da ke kan zane wanda zai sanar da mai jari irin wannan shawara. Sanarwar kamfani da takardun taron masu hannun jari ne ke ɗauke da ita. In hannun jari ya yi ƙaranci a kasuwa, mutum ɗaya mai kuɗi yana iya ɗaga farashi ko ya saukar da shi, a sami tudu da kwari waɗanda ba su nufin kome.

Saboda haka tambaya ta farko a ranar sauka ita ce: me ya sami kamfanin? In cinikinsa da ribarsa suna nan, kuma kasuwa duka ce ta sauko, akwai dalilin haƙuri. In ribarsa ta faɗi, ko ya daina rabon riba, ko ya jinkirta fitar da lissafinsa na shekara, ko hukuma ta shiga bincikensa, to arhar da a ke gani ba arha ba ce.

9. HATSARIN BASHI

Lissafin hasara ba ya tafiya daidai da na riba. Abin da ya faɗi da kashi 50 cikin ɗari sai ya ninka kansa kafin ya koma inda ya ke. Wanda ya faɗi da kashi 70 kuwa sai ya hau da fiye da kashi 230.

Bashi ya kan tsananta wannan. A ɗauka wani ma'aikaci ya yi ritaya, ya ɗauki naira miliyan 1 daga kuɗin sallamarsa, ya ranto wata miliyan 1, ya sayi hannun jari na miliyan 2. In farashi ya sauko da kashi 30 cikin ɗari, dukiyar ta koma naira miliyan 1.4. Bashin yana nan miliyan 1, abin da ya rage nasa naira 400,000 ne, watau ya rasa kashi 60 na kuɗinsa tun ba a zo ga kuɗin ruwa ba. In saukar ta kai rabi, ba shi da kome. Kafin nan ma mai bashi zai bukaci ƙarin jingina, in babu ya sayar da hannun jarin a daidai lokacin da farashi ya fi arha. Ko da daga baya ta tabbata ja da baya ne, wannan mutum ba ya cikin waɗanda za su ci amfanin dawowar. Mai kuɗin kansa yana iya jira. Mai kuɗin bashi ba shi da wannan dama. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

10. SHAWARWARI GA JAMA'A

(a) Kada a sa kuɗin da za a bukata nan da shekara ɗaya ko biyu a hannun jari, kamar kuɗin haya, da na asibiti, da na makaranta.

(b) Kada a ci bashi, kada kuma a jinginar da gida ko gona, domin sayen hannun jari.

(c) Tun kafin a saya, mai jari ya rubuta dalilin sayensa, da iyakar hasarar da zai iya ɗauka, da farashin da in aka kai zai fita. Shawarar da aka yanke cikin natsuwa ta fi wadda aka yanke ranar firgita. Ya kuma sani cewa a ranar ruɗani ana iya rasa mai saye a farashin da ya so.

(d) In za a saya lokacin ja da baya, a kasa kuɗin kashi-kashi, a jira farashi ya nuna alamar tsayawa. Kada a yi ta ƙara saye a kan kamfanin da ke ta faɗuwa domin kawai ya fi jiya arha.

(e) A rarraba jari a kan kamfanoni masu sana'a daban-daban. Waɗanda suka tara kome a bankuna su ne suka fi jin jiki a 2008.

(f) A riƙa karanta lissafin kamfani na wata uku-uku da na shekara, da sanarwoyinsa, tare da duban zane.

(g) A yi ciniki ta hannun dillalin da ke da rajista da hukumar SEC, a kuma tabbata hannun jarin ya shiga asusun mai shi a kamfanin ajiyar lissafi na CSCS. Hukumar tana da hedkwata a Abuja da ofishin shiyya a Kano, kuma ana iya duba sunayen dillalai masu rajista a shafinta na intanet.

(h) A guji duk wanda ya nuna zane mai hawa kullum ba ja da baya, ya yi alkawarin riba tabbatacciya kowane wata. Kasuwar gaskiya ba ta da irin wannan zane. Rushewar MMM a Disambar 2016 da ta CBEX a Afrilun 2025 sun isa gargaɗi.

KAMMALAWA

Ja da baya al'ada ce ta kowace kasuwa, kuma wanda ba zai iya jure ganin farashi ya sauko da kashi 10 cikin ɗari ba, bai kamata ya shiga wannan ciniki ba. Alamomin zane suna taimaka wa mai jari ya auna saukar: zurfinta, da tsawon lokacinta, da yawan cinikin da ke tare da ita, da ko ta ratsa madogara. Lafiyar kamfani kuwa ita ke nuna ko akwai abin da farashi zai dawo dominsa. Duk da haka, tabbaci ba ya zuwa sai bayan abin ya wuce. Tun da ya ke haka ne, abin da ke hannun mai jari shi ne ya shiga da kuɗin kansa, ya rarraba su, ya sa wa hasararsa iyaka tun ranar saye. Ana roƙon shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata da na 'yan fansho da na 'yan kasuwa a Gombe da kewaye su isar da wannan bayani ga mambobinsu.